Amsa ga matashin Gusau da sha'awarsa ta ruɗa shi

"Assalamu alaikum, Likita. Ni matashi ne mai shekara 24 a Gusau, na gama digiri ina jiran tafiya hidimar ƙasa. Tun ina aji uku a makarantar kwana na lura idona ya fi zuwa kan maza 'yan'uwana fiye da mata. Ban taɓa aikata komai da kowa ba. Ina azumin Litinin da Alhamis don abin ya tafi, an yi mini ruƙiyya da sunan ciwon kai, amma yana nan. Wani lokaci ina jin kamar ina son mace, wani lokaci babu komai. Yanzu Inna da baffana sun fara yi mini maganar 'yar gwaggona. Shin ni ɗan luwaɗi ne? Cuta ce ko aljani? Tana da magani? In na yi aure za ta tafi? Wallahi wani lokaci ina ganin mutuwa ta fi mini sauƙi."

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayoyinka huɗu ne: kana son sanin ko kai wane ne, daga ina abin ya fito, ko yana da magani, da kuma ko aure zai kawar da shi. Amma jimlarka ta ƙarshe ce za ta riga su, domin ita kaɗai ce ba ta jira. Idan tunanin mutuwa ya wuce buri ya kai ga ka fara tsara yadda za ka yi, ko ka ajiye wani abu saboda haka, irin su fiya-fiya ko maganin ɓera ko tarin ƙwayoyi, ka fitar da shi daga ɗakinka yau, ka daina kwana kai kaɗai, ka je sashen gaggawa na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ka ce ba ka barci kuma kana tunanin kashe kanka. Ba dole ba ne ka faɗi dalili a ranar farko, kuma babu wanda zai tilasta maka. Wannan tunani alamar ciwon damuwa ne, ciwon damuwa kuwa muna magance shi kullum, ko da abin da ya jawo shi bai gushe ba tukuna.

Ji daban, aiki daban, suna daban

A aikinmu na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa muna raba abubuwa uku da mutane suka saba cuɗa su wuri guda. Akwai abin da mutum yake ji a zuciyarsa da jikinsa, wato inda sha'awa da shaƙuwa suke karkata ba tare da ya gayyace su ba. Akwai abin da yake aikatawa. Akwai kuma sunan da yake kiran kansa da shi, ko wanda jama'a suka laƙaba masa. Waɗannan ukun ba kullum suke tafiya tare ba. Akwai wanda ya aikata abu a kurkuku ko a ɗakin kwanan ɗalibai alhali zuciyarsa tana wajen mata, da ya fito bai sake waiwaya ba. Akwai kuma wanda sha'awarsa take wajen maza tun balagarsa har furfura bai taɓa kusantar kowa ba. Kai ka gaya mini ba ka aikata komai ba, saboda haka sunan da kake tsoro, wanda malamai da alƙalai suke ɗora shi a kan aiki, bai hau kanka ba. Abin da ya rage shi ne fahimtar na farkon, kuma wannan yana ɗaukar lokaci.

Ka kuma sani cewa sha'awar ɗan Adam ba ɗaki biyu ba ce da dole mutum ya faɗa ɗaya. Tun a 1948 wani mai bincike a Amurka, Alfred Kinsey, ya jera mutanen da ya yi hira da su a kan mataki daga 0 zuwa 6, daga wanda ba ya sha'awar kowa sai ɗaya jinsin zuwa wanda ba ya sha'awar kowa sai jinsinsa, da mutane a matakan tsakiya. An soki yadda ya zaɓo mutanensa, kuma sukar tana da tushe, amma binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa masu jin sha'awar ɓangarorin biyu suna nan. Maganarka ta cewa wani lokaci kana jin son mace ba lallai ba ne yaudarar kai ce, kamar yadda ba lallai ba ne ta zama hujjar cewa komai ya wuce.

Abin da kan kawo mutum ga wannan tambaya

Masu zuwa wurina da irin tambayarka ba labari ɗaya suke ɗauke da shi ba, kuma ba zan iya gane naka daga wasiƙa ba. Zan dai bayyana maka su, ka auna da kanka.

Wasu cutar waswasi ce take damunsu, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da OCD, kuma tana kama kamar mutum ɗaya zuwa biyu a cikin ɗari. Mutane sun fi saninta a wajen mai maimaita alwala ko mai kabbarar harama sau da yawa, amma takan kama mutum ta ɓangaren sha'awa. Na taɓa kula da wani ɗalibi da ya shekara yana son wata yarinya, sai wata rana wani abokinsa ya yi masa ba'a a majalisa, daga nan tunani ya maƙale masa: in fa gaskiya ne? Ya daina musabaha. In ya hau kabu-kabu sai ya ja da baya har ƙarshen kujera ya riƙe ƙarfen baya don kada gwiwarsa ta taɓa mai tuƙi. A sahun sallah hankalinsa ba ya kan karatun liman, yana kan kafaɗar da ta taɓa tasa, yana sauraren jikinsa ko zai ji wani motsi. Da dare yakan buɗe hotunan maza da na mata a waya yana gwada kansa, ya samu natsuwar rabin awa, sannan shakka ta dawo fiye da da. Wannan gwaje-gwajen kamar susar ƙazwa ne, daɗin ɗan lokaci ne kuma shi yake ƙara yaɗa ciwon. Alamar waswasi ita ce tunanin yana zuwa da firgici zalla, babu marmari a cikinsa, babu kewar wani mutum, kuma ya saɓa wa abin da mutum ya san kansa da shi shekara da shekaru. Ana magance shi da horo na musamman da ke koya wa mutum barin gwaji da neman tabbaci, wani lokaci tare da magungunan da ake ba masu ciwon damuwa, waɗanda sukan ɗauki makonni takwas zuwa goma sha biyu kafin a ga cikakken amfaninsu.

Wasu kuma wani babba ne ya taɓa su suna yara, ko siniya a makarantar kwana, ko maƙwabci, ko wani na cikin gida. Ba ka ambaci haka ba, amma ina faɗa saboda da yawa ba sa ambata sai a zama na uku ko na huɗu. Abin da ya fi cin ransu shi ne jikinsu ya amsa a lokacin, sai su ɗauka sun yarda, ko kuma an mayar da su wani abu. Jiki yana amsa taɓawa ba tare da neman izinin mai shi ba, kuma laifin na wanda ya yi ne kaɗai. Mafi yawan mazan da aka yi wa haka suna girma da sha'awar mata, kuma da yawa daga masu sha'awar maza babu wanda ya taɓa taɓa su.

Akwai kuma ruɗanin ƙuruciya, musamman a inda yaro ya yi shekara shida ba ya ganin kowa sai maza, wanda yakan lafa da kansa bayan an bar makaranta.

Sai kuma waɗanda sha'awar jinsinsu ta zauna musu da gaske. Alamarta ita ce daɗewa da daidaito: ta faro ne wajen balaga, ba ta tsaya ga jiki kaɗai ba, akwai shaƙuwa da kewa da kishin wani mutum takamaimai, tana zuwa a mafarki, kuma tsoron da ke tare da ita tsoron abin da zai biyo baya ne, na Allah da na jama'a. Zan gaya maka gaskiya, kusan shekara goma da ka kwatanta sun fi kama da wannan fiye da waswasi, ko da yake ana samun mutum da duka biyun. Maimakon ka riƙa yi wa kanka jarrabawa, ka ba kanka watanni kana lura cikin natsuwa: wa kake kewa in ba ya nan, wa kake hango rayuwa da shi, kuma son macen da kake ji, marmari ne ko fatan a ce kana da marmarin. Ka nisanci finafinan batsa a wannan lokaci, domin jiki yana motsawa da kusan kowane irinsu, ba sa auna komai, sai dai su ƙara dagula lissafi.

Wani abu da ba ya cikin ma'auni shi ne murya ko tafiya ko iya girki. A ƙasar Hausa mun saba haɗa daudanci da wannan magana, alhali akwai mai laushin murya da ke da mata da 'ya'ya kuma bai san wata sha'awa ba sai tasu, akwai kuma ƙaƙƙarfan namiji mai gemu da yake ɗauke da irin nauyinka. Imam Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya bambanta wanda aka halitta da ɗabi'u irin na mata, wanda ya ce babu zargi a kansa, da wanda ya ƙirƙire su da gangan.

Daga ina take fitowa

Bincike bai gano sanadi guda ɗaya ba, amma ya kawar da zato da yawa. A 2019 mujallar Science ta wallafa bincike mafi girma a kan gado, wanda ya duba ƙwayoyin halittar mutane kusan rabin miliyan, akasarinsu daga Birtaniya da Amurka. Ba a samu wata ƙwayar gado guda da ke haddasa abin ba. An samu wurare biyar masu ɗan tasiri, kuma an ƙiyasta cewa duk ƙwayoyin gadon da aka gwada, in an haɗa su, suna bayyana kashi 8 zuwa 25 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane. Shi ya sa ake samun tagwaye masu kama ɗaya, Hassan yana da wannan sha'awa, Husaini ba shi da ita. Wani abin da aka maimaita ganowa, wanda Ray Blanchard na Kanada ya yi fice da shi, shi ne kowane wa namiji da mutum yake da shi yana ƙara yiwuwar da kamar kashi ɗaya cikin uku na abin da take a da. Yayyen da kuka fito ciki ɗaya ne ake ƙirgawa, ban da 'yan uba, abin da ke nuna cewa lamarin yana da alaƙa da zaman ciki. Kada wannan ya sa kowa ya fara ƙirga 'ya'yan ɗakinsu, domin yiwuwar tun asali ƙarama ce, kuma mafi yawan 'yan auta sha'awarsu tana wajen mata. Abin da za ka ɗauka a nan shi ne ba kai ka zaɓa ba, ba kuma tarbiyyar Inna ce ta gaza ba.

Game da ko cuta ce, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire ta daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi haka a ranar 17 ga Mayu, 1990. Na san wasu za su ce siyasar Turawa ce, kuma gaskiya ne an yi matsin lamba a lokacin. Amma dalilin likitanci yana tsaye da ƙafarsa: mai wannan sha'awa hankalinsa daidai yake, tunaninsa da aikinsa ba su da tangarɗa. Cewa abu ba cuta ba ne hukuncin asibiti ne, ba fatawa ba ce a kan halal da haram. Batun aljani kuwa ba fagena ba ne, sai dai in gaya maka abin da na gani: waɗanda aka kai wajen masu duka da hayaƙi da ɗauri sun dawo da tabo a jiki da ƙarin tsoro, sha'awar tana nan yadda take. Karanta Alƙur'ani da addu'a suna kwantar da zuciya, ka riƙe su, amma duk wanda zai ɗaga maka bulala ko ya nemi ka tona asirinka a gaban jama'a da sunan magani, ka guje shi.

Maganar magani

Babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da aka tabbatar yana juya sha'awa daga wani jinsi zuwa wani. An gwada da yawa a ƙarni na ashirin, har da jona wa mutane lantarki da ba su maganin sa amai, ba a samu komai ba sai illa. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Robert Spitzer, wanda ya wallafa bincike a 2003 yana cewa wasu sun canza, ya janye maganarsa a 2012 ya nemi afuwa. Ƙungiyar Kiristoci ta Exodus International, wadda ta shafe fiye da shekara talatin tana wannan aiki a Amurka, ta rufe a 2013 bayan shugabanta ya amsa cewa kusan duk waɗanda ya sani sha'awarsu ba ta canza ba. Gaskiya ne wasu mutane sukan ga sha'awarsu ta sauya da kanta a tsawon shekaru, an fi ganin haka a wajen mata, amma ba abu ne da wani yake iya tilastawa ba. Mai tallar maganin wannan a lasifika ranar kasuwa ko a WhatsApp kuɗinka yake so. Haka kuma tiramol da sauran ƙwayoyin da samari ke sha don su manta, matsala ta biyu suke ɗora wa ta farko.

Abin da yake da magani shi ne rashin barci, da faɗuwar gaba, da ƙyamar kai, da tunanin mutuwa. Abin da yake hannunka kuma shi ne aikinka.

A nan ne addini ya shigo, kuma ni likita ne, ba mufti ba. Mazhabobin nan huɗu sun haramta aikin, kai ma ka sani, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Amma malaman nan dai sun bambanta aiki da abin da ke ɗarsuwa a zuciya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su aikata ba ko suka furta, kuma ƙarshen Suratul Baƙara ya ce Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da take iyawa. Na sha ganin samari da suka bar sallah saboda sun yanke wa kansu hukuncin cewa la'anannu ne, alhali ba su aikata komai ba, wasu kuma daga wannan yanke ƙaunar suka faɗa cikin abin da suke gudu. Ka ci gaba da azuminka a matsayin ibada, amma kada ka mayar da shi awo, kana cewa in abin bai tafi ba to ba a karɓa ba. In za ka tambayi malami, ka zaɓi wanda aka sani da riƙe sirri, ka fara da tambaya a kan wani mutum, ka ga yadda zai amsa kafin ka matsa.

Aure

Aure ba magani ba ne, kuma a nan zan fi tsananta maka, saboda akwai mutum na biyu a ciki. Ina ganin matan da suke zuwa asibiti da ciwon kai da rashin barci, sai an daɗe ana hira sannan ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta ta ce maigida ya ƙaurace mata tun watan farko. Ta ƙarar da kuɗin adashinta a kan kayan mata, uwar miji tana yi mata gorin haihuwa, ita kuma tana ganin ita ce ba ta iya ba. Ba ta san komai ba, kuma ba a tambaye ta ba. A naka lamarin 'yar gwaggonka ce, in auren ya lalace zumuncin gida biyu ne zai tafi tare da shi.

Wannan ba ya nufin ƙofar aure a rufe take. Masu jin sha'awar ɓangarorin biyu da yawa sun yi aure suna zaune lafiya, suna son matansu da gaske. Tambayar da za ka amsa wa kanka ita ce ko kana jin marmarin mace takamaimai, a jiki da zuciya, har ka iya ba ta haƙƙinta shekara da shekaru ba a kan dole ba. In amsar ba ta fito ba tukuna, ka nemi lokaci, kuma kana da uzuri na gaskiya wanda ba ƙarya a ciki: hidimar ƙasa tana gabanka, ba ka da aiki, ba ka da ɗaki. Ka samu baffanka shi kaɗai, ka ce masa, "Baffa, ina neman alfarma a dakata da maganar nan har in gama hidima in samu abin yi, kada a riƙe yarinya saboda ni." Jimlar ƙarshen tana da muhimmanci, domin kada a sa mata rai. Na san waɗanda suka zaɓi zama ba aure suka riƙe kansu, suka ɗauki nauyin iyaye da marayun dangi. Hanya ce mai wuya a garin da ake yi wa tuzuru ba'a, amma ana bin ta. Zaɓin ba nawa ba ne, naka ne, abin da nake roƙo shi ne kada ka yi shi a cikin firgici.

Doka da tsaron kai

Dole ka san ƙasar da kake takawa. Dokar shari'a ta Zamfara, wadda ta fara aiki a Janairun 2000 a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ta tanadi bulala ɗari da ɗaurin shekara ɗaya ga wanda bai yi aure ba in an tabbatar da aikin luwaɗi, da jefewa ga mai aure. Dokar tarayya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga shiga ƙungiyoyinsu ko nuna alaƙar a bainar jama'a. Babu ɗaya daga cikinsu da ta hukunta abin da ke cikin zuciya, ko zuwa wajen likita. Haɗarin da ya fi kusa da kai ma ba kotu ba ce, jita-jita ce da masu tarko a intanet, waɗanda suke buɗe shafi da hoton ƙarya a Facebook, su ja matashi da hira, su karɓi hoto ko saƙon murya, sannan su fara neman kuɗi da barazanar tura wa iyayensa, wasu kuma su kira shi wani wuri su yi masa duka su ƙwace waya. Kada ka tura wa kowa hoto, kada ka rubuta sirrinka ga wanda ba ka sani ba, kuma wannan saƙon da ka aiko mini ka goge shi daga wayarka. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, babu wanda yake bin ka bashin wannan labari, har da abokinka na kusa, sai ka ga dama kuma ka tabbatar da amincinsa.

Sai dai ɗaukar wannan kaya kai kaɗai shi ne ya kai ka ga tunanin mutuwa, don haka mutum ɗaya ƙwararre ya kamata ya sani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirrin majiyyaci, ban da 'yan wurare kamar umarnin kotu. Amma mu da muke ciki mun san fayil yana bi ta hannaye da yawa, kuma ba kowane ma'aikaci ne ya iya bakinsa ba. A wajen yankar kati ka ce damuwa da rashin barci ne suka kawo ka, ka nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam, in kun keɓe ka roƙe shi ya rubuta ciwon damuwa kawai a fayil. In ya fara yi maka faɗa ko izgili, ka yi masa godiya ka nemi wani. In kana tsoron haɗuwa da idon sani a Gusau, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato, ta hanyar Talata Mafara, ka yi tafiyar da rana. Ka tafi da bayanin lokacin da rashin barcin ya fara, da duk maganin da kake sha, na asibiti da na gargajiya, domin su likita zai fara tambaya.